Gawayin da Ake Binnewa a Gonar Kofi

Kowace a cikinku ta san gawayi, da shi ake girki, da shi ake cika dutsen guga. To, yau ina so in ba ku labarin wani gawayi dabam, wanda ba a hura wuta da shi. Binne shi ake yi a gona, har kuma akwai manyan kamfanonin Turai da Amurka masu biyan kuɗi don a binne ɗin. Cikin masu wannan aiki akwai ƙananan manoman kofi, watau gahawa, na ƙasashe irin su Kamaru da Barazil. Turawa suna kiransa bayoca, mu kuwa sai mu ce gawayin gona.

Na san za ku ce, wane mai hankali ne zai biya kuɗi a binne gawayi? Ku saurara. Akwai wata iska da ake kira kabon dayoksaid, wadda ke fita daga hayaƙin mota da na injuna da kowace irin wuta. Idan ta yi yawa a sama sai ta rufe duniya kamar bargo, zafi ya ƙaru, damina ta rikice. A shekarar 1992 ƙasashen duniya suka fara ƙulla yarjejeniya a kan wannan damuwa, a 2015 kuma suka taru a Faris suka yi alkawarin rage ta. Shi kuwa tsiro, da wannan iska yake gina jikinsa. Amma in ya mutu ya ruɓe, ko aka ƙone shi ya zama toka, sai iskar ta koma inda ta fito. In kuwa aka mai da shi gawayi aka sa a ƙasa, kabon ɗin yakan zauna nan shekaru ɗaruruwa.

Kada ku ɗauka dabarar sabuwa ce. A dajin Amazon na Barazil akwai wurare masu baƙar ƙasa da mutanen dā suka yi da gawayi da sharar gida, tun kafin Turawa su taka ƙasar. Har yanzu ta fi ƙasar da ke kewaye da ita albarka.

Manomin kofi kuwa ba ya rasa abin yin gawayin. Bayan an ɓare 'ya'yan, ɓawo yakan taru tsibi tsibi, ga kuma rassan da ake sassarewa kowace shekara. A Nkongsamba ta Kamaru, wani kamfanin Faransa mai suna NetZero ya soma mai da ɓawon kofi gawayi a 2022, a 2023 ya buɗe wata masana'antar a Lajinha ta Barazil. Wannan na injin ke nan. Akwai kuma na talaka. A 2014 masana na cibiyar Ithaka a Suwizalan suka fito da wata tanda mai siffar mazurari, suka sa mata suna Kon-Tiki. Wanda ba shi da ta ƙarfe sai ya haƙa rami mai wannan siffa. A kunna wuta a gindi, a riƙa zuba busassun rassa kaɗan kaɗan. Da zarar saman ya fara fari, a ƙara wani zubin. Harshen wutar da ke sama shi ke cinye hayaƙin, yana kuma hana iska kaiwa ƙasa, don haka na ƙasan ba ya zama toka. In ramin ya cika a kashe da ruwa mai yawa.

A nan fa sai ku lura. Gawayi ba taki ba ne. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka kamar soso, in aka zuba shi haka nan sai ya tsotse abincin shuka, a yi asara shekarar farko. Sai an daka shi, an cuɗa da kashin dabbobi ko takin juji, an bar shi kamar mako biyu ko fiye, sa'an nan a kai gindin shuka. In aka yi haka yana riƙe ruwa, yana riƙe taki, yana kuma rage tsamin ƙasa, ita kuwa ƙasar kofi sau da yawa mai tsami ce.

To, ina maganar kuɗi? Ga yadda take. Kowane tan ɗaya na iskar da aka tsare a ƙasa akan ba shi takardar shaida guda. Tan ɗaya na gawayi mai kyau yakan tsare wajen tan 2 zuwa 3 na iskar. Kamfanoni irin su Microsoft suna sayen takardun don su biya bashin hayaƙin da suke fitarwa, kuma a 'yan shekarun nan kuɗin guda yakan haura dala 100. Akwai masu rajista da ke tabbatar da gaskiyar takardun, kamar Puro.earth ta ƙasar Finlan, da Verra ta Amurka wadda ta fitar da ƙa'idarta ta gawayin gona a 2022.

Dala 100 ta yi daɗin ji, amma ku bi ta da lissafi. Manomi mai ɗan fili ba ya iya tara gawayi mai yawa shi kaɗai, ba kuma zai iya kai kansa wurin mai saye ba. Dole ya shiga ƙungiya. Dole a auna gawayin, a ɗauki hotonsa da waya, a kai samfuri a gwada, mai bincike ya zo ya duba. Duk waɗannan sai an biya su, dillali ma ya cire nasa, kuma kuɗin ba ya zuwa ranar da aka kashe wuta. Tattara rassa da ɗebo ruwa da daka kuwa, a gonaki da yawa mata ne ke yi, alhali sunan maigida ne a littafin ƙungiya. In ba a yi hattara ba sai ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu ma ba mu yi nisa da zancen ba. Ana noman kofi a tsaunin Mambila na jihar Taraba, sauranmu kuwa muna da totuwar masara da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, duk ana iya gawayin gona da su. Saboda haka in wata rana aka zo ƙauyenku da wannan magana, ku sa a yi tambaya huɗu kafin kowa ya dangwala hannu. Nawa ake sayar da takarda guda? Kashi nawa ne na manomi? Yaushe za a biya? Sunan wa za a rubuta? Kada kuma ku yarda a sare itace mai rai don wannan, ko a ƙone karan da dabbobi za su ci. Wanda ya yi haka ya ɓata abin da aka ce a gyara.

Ku 'yan makaranta, aikinku ne wannan. Ke da kika iya karatu da lissafi, ke za ki karanta wa uwarki takardar layi layi, ki riƙe littafin awo. Kuɗin takarda yana iya hawa, yana iya faɗuwa, mai saye ma yana iya janyewa. Amma gawayin da kuka binne yana nan a gonarku, ba dillalin da zai tono shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.