Ko Kun Sani? Batirin Tada Inji Daban, Na Fitila Daban

Mai shagon cajin waya a kasuwar Kebbe da mai jirgin ruwa a Yawuri sukan faɗa rami ɗaya: ɗora wa batirin mota aikin da ba nasa ba.

Shi batirin tada inji, farantan darmar da ke cikinsa sirara ne kuma masu yawa, don ya watso wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan inji ya mayar masa da abin da ya ci. In aka jona masa fitilu da rediyo da caja ana tatsarsa har ya mutu kowane dare, ba ya kai ko'ina. Wannan aikin na batirin sola ne, mai kaurin faranti, wanda ke ba da wuta sannu a hankali. Shi ɗin ma kada a ci fiye da rabinsa: cikakke yakan nuna bolt 12.6 a mita, in ya sauko wajen 12.2 a ƙyale shi ya huta.

Shi ya sa jirgin da ake tayarwa da makulli ya fi dacewa da batir biyu da makunnin da ke raba su, kada fitila ta shanye wutar komawa gida a tsakiyar kogin Kwara.

Zafin bazara na ƙafar da ruwan batir. A ƙara tataccen ruwa kawai, ban da na rijiya, ban da asid. Irin wannan batir mai darma da asid kuwa ya daɗe a duniya: Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859.