Rai-ɗore: Suna Mai Daɗi, Ganye Mai Wari

Duk wanda ya ratsa gefen gonakin Bagwai da damina, ko ya bi bakin madatsar ruwa ta Watari, ba zai rasa ganin wani tsiro mai fure ruwan ɗorawa ba, wanda tsayinsa kan kai ƙugun mutum ko ya zarce. Da zarar an murje ganyensa sai wani wari mai ƙarfi ya tashi. Wannan shi ne rai-ɗore.

Sunan kansa fatan tsawon rai ne, kuma ya dace da matsayin tsiron a wurin masu maganin gargajiya, waɗanda kan dafa ganyensa domin zazzaɓi. Wasu kan ce masa majamfari, wasu kuma sanga-sanga, musamman a Nijar. Turawan Ingila kuwa warin suka duba, suka yi masa laƙabi da ciyawa mai wari.

Saboda irin wannan yawan sunaye ne masana kimiyya suka amince da suna guda mai kalmomi biyu ga kowane tsiro. A shekarar 1753 Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa masa Cassia occidentalis. Kalmar farko sunan dangi ce, ta biyu kuwa tana nufin “na yamma”, kuma lalle asalinsa yankunan Amurka masu zafi ne. A 1829 Bajamushen nan Heinrich Link ya mayar da shi dangin Senna, kalmar da aka aro daga Larabci. Yau Senna occidentalis ake kiransa, danginsu ɗaya da tafasa da filasko.

A nan ne ake bukatar hattara. Tafasa ana yin kwaɗonta, amma ’ya’yan rai-ɗore suna da guba mai lalata hanta da tsoka. Sukan kashe dabbobi, kuma a 2007 likitoci a Indiya suka danganta mutuwar yara a yammacin jihar Uttar Pradesh da cin su.

Bambance su ba wuya. Ƙananan ganyen tafasa bibbiyu ne sahu uku, masu faɗin baki, kwansonta siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje. Na rai-ɗore masu tsini ne, yawanci sahu huɗu ko biyar, kwansonsa kuma ya fi faɗi. Ya kamata malamai su kai ɗalibai bakin gona su gwada musu, domin yaron da ya san tsiro da kamanninsa, daɗin suna ba zai ruɗe shi ba.