Ɗaga Kan Babur: Kimiyyar da Ke Cikin Ƙarin Yatsa Biyu

Tun daga shekarar 1885, lokacin da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora inji a kan wani keken katako a ƙasar Jamus, masu ƙera babur suke fama da matsala guda, wato yadda za a sa abin hawa ɗaya ya dace da jikin mutane daban-daban. Kamfani yakan auna babur ne bisa tsayin matsakaicin mutum. Dogo idan ya hau, sai ya ranƙwafa kafin ya kamo kan babur, wato ƙarfen nan da ake riƙewa a sarrafa shi, wanda wasu ke kira sitiyari. Gajere kuwa sai ya miƙe hannuwansa tsam. Tafiyar minti goma ba ta nuna illar haka, amma wanda ke wuni a kan babur, kamar mai kabu-kabu ko malamin gona mai zagaya ƙauyuka, yakan sauko da ciwon wuya da na ƙugu, wani lokaci har yatsunsa su sage.

Ɗaya daga cikin dabarun magance wannan ita ce sanya ƙarafan ɗori. Waɗannan wasu 'yan dunƙulallun ƙarafa ne guda biyu, galibi na alminiyom, da ake sawa a ƙarƙashin kan babur don ya ƙara tudu da milimita 20 zuwa 50. Aikin bai cika wuce awa guda ba, shi ya sa ake raina shi. Sai dai ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido, domin wannan ƙari na yatsa biyu yana taɓa notina da wayoyi da kuma zaman nauyi a kan tayoyi.

Abin da ranƙwafawa ke yi wa jiki

Gadon bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa ne guda 33, bakwai daga ciki a wuya, biyar a ƙugu, da faifan guringuntsi a tsakanin yawancinsu. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Idan mutum ya zauna a miƙe, wannan nauyi yana sauka ne kai tsaye bisa ƙasusuwan, tsoka ba ta shan wahala. Da zarar ya ranƙwafa, kai ya fita daga saitin gadon baya, sai tsokokin ƙeya da na kafaɗa su riƙa jan sa baya don kada ya rinjaya.

Dalilin wahalar yana cikin dokar liba, wadda Arkimidis, masanin nan Bagirke da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana. Dokar ta nuna cewa ƙarfin juyi shi ne ƙarfi sau tazararsa daga wurin da abu ke juyawa. Kilo 5 yana danna ƙasa da ƙarfin nuton 50 a kimance. Idan kai ya matsa gaba da santimita 10, ƙarfin juyinsa ya zama 50 sau 0.1, wato nuton-mita 5. Tsokokin ƙeya kuwa suna kusa da ƙashi ƙwarai. A ƙaddara tazararsu santimita 5 ce. Ke nan sai sun ja da nuton 100, ninkin nauyin kan sau biyu, kuma haka za su yi ta ja muddin ana tafiya. Bugu da ƙari, nauyin ƙirji yana sauka a tafin hannu, ya lanƙwasa wuyan hannu, ya matse jijiyar da ke bi ta nan zuwa babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Wannan matsi, tare da jijjigar inji, shi ke sa yatsu sagewa.

Zaman da masana ke so shi ne baya a miƙe ko da 'yar karkata kaɗan zuwa gaba, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, wuyan hannu a miƙe, tafin hannu kuma a ƙasa da kafaɗa. Akwai kuma masu buƙatar tudun kai saboda tsayuwa. A tseren nan na Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya kuma ratsa ta Agadas a Jamhuriyar Nijar, mahaya kan miƙe tsaye bisa matakan ƙafa idan sun shiga rairayi ko gargada, don gwiwoyinsu su shanye bugun hanya. Mai tsayuwa ba ya jin daɗin kai mai ƙasa-ƙasa, saboda haka ƙarafan ɗori suka yawaita a baburan jeji.

Sama da baya a lokaci guda

Sandunan da ke riƙe da tayar gaba ba a tsaye cak suke ba. A yawancin baburan titi sun karkata baya da digiri 25 zuwa 27. Tunda ƙarfen ɗori yana bin wannan karkata, kan babur zai hau sama, ya kuma matso wajen mahayi. Ɗalibin lissafi na iya auna wannan da sain da kosain. Idan ɗorin milimita 30 ne, karkatar kuma digiri 26, tudun da aka samu shi ne 30 sau kosain 26, kimanin milimita 27, matsowar kuwa 30 sau sain 26, kimanin milimita 13. Wannan matsowa tana taimakon mahayi, amma ita ce kuma kan sa ƙarshen kai ko makunnin fitila ya bugi tankin mai idan an murɗa shi har ƙarshe.

Nauyin da ke hawa kan notina

Dokar liba da ta wahalar da wuya ita ce ke aiki a kan notinan da ke riƙe da kan babur. Idan aka taka birki da ƙarfi, jikin mahayi yakan zabura gaba, hannuwansa su tura kan. A ɗauka turawar ta kai nuton 200, tudun mariƙan kai na asali kuma milimita 40 ne. Ƙarfin juyi a gindinsu zai zama 200 sau 0.04, wato nuton-mita 8. Idan aka yi ɗorin milimita 30, tazarar ta koma milimita 70, ƙarfin juyi ya zama nuton-mita 14. Ƙarin kashi 75 cikin ɗari ke nan, alhali mahayin bai ƙara ƙiba ba, birkin ma bai sauya ba.

Saboda haka ba kowane noti ne zai yi wannan aiki ba. A kan goshin notina masu inganci akan ga lamba kamar 8.8 ko 10.9. Lamba ta farko sau 100 tana nuna ƙarfin jan da ƙarfen zai jure kafin ya tsinke, wato nuton 800 a kowane murabba'in milimita ga mai 8.8. Ta biyun tana nuna cewa zai fara miƙewa ba komawa idan jan ya kai kashi 80 cikin ɗari na wancan, wato nuton 640. Notin da ba shi da lamba, babu wanda ya san ƙarfinsa. Har ila yau, dole sabon notin ya fi tsohon tsawo daidai da tudun ɗorin. Idan aka mayar da tsohon, zare biyu ko uku kaɗai zai kama, kuma alminiyom mai taushi ne. Ana so noti ya shige shi da zurfin da ya kai kaurinsa sau ɗaya da rabi zuwa biyu.

Wayoyi: inda hatsarin ya fi ɓoyewa

Wayar totur da ta kuloci, da ta birkin gaba a ƙananan babura, duk iri ɗaya ne da wadda Ernest Bowden ya yi wa rajista a Ingila a 1896: siririyar waya tana zamewa a cikin kube. Abin da ke aiki shi ne bambancin tsawo tsakanin wayar ciki da kuben. Idan kan babur ya yi tudu, wayar ta ɗame, to murɗa kai zuwa gefe zai iya fizgo kuben daga mazauninsa ko ya lanƙwasa shi ƙwarai, sai wayar ciki ta ja kamar an murza totur. Ke nan babur zai ƙara wuta da kansa a daidai lokacin da mahayi ke shan kwana a hankali, a cikin kasuwa ko bakin kwata. Haka wayar kuloci idan ta ɗame takan sa kuloci ya riƙa zamewa.

Babur mai birkin mai kuwa, tiyo ne ke kai matsin man daga hannu zuwa taya, bisa ƙa'idar Blaise Pascal ta cewa matsi a cikin ruwan da ke rufe yana bazuwa daidai ko'ina. Wannan tiyo yana buƙatar rara, domin sandunan gaba suna miƙewa duk sanda taya ta faɗa rami ko ta bar ƙasa. Tiyon da ke ɗamewa kullum zai tsage a bakin mahaɗinsa, mai ya zube, birki ya tafi. A babura da yawa wayoyin asali sukan jure ɗorin milimita 20 zuwa 25. Abin da ya haura haka sau da yawa sai an sauya musu hanya ko an sayi masu tsawo.

Yadda ake aikin

Da farko a auna kaurin kan babur a wurin da mariƙai suka kama shi. Kauri uku suka fi yawa: milimita 22 a ƙananan babura irin su Honda CG125, milimita 25.4 a manyan baburan Amurka, da milimita 28.6 a baburan jeji na zamani. Ɗorin da bai dace da kaurin ba, ba zai kama ba, kuma cusa guntun gwangwani don cike giɓi neman rai ne. Baburan da kansu ke lulluɓe da roba tare da fitila, galibinsu ba a ƙera su don wannan ƙari ba.

Sai a kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, a shimfiɗa tsumma mai kauri bisa tanki. Kafin a kwance komai, a ja layi da alli ko fenti daga kan zuwa mariƙinsa, don a san kusurwar da yake. A sassauta notina huɗun kaɗan-kaɗan, wani na riƙe da kan, domin yakan kifo ba zato. A ɗaga shi ba tare da an bar shi yana reto a jikin wayoyi ba, a zaunar da ƙarafan ɗori, a mayar da kan a tsakiya daidai, a ɗora murafen mariƙai. A fara ɗaura notina da yatsu, sa'an nan da sifana, bi da bi. Wasu kamfanoni suna so a fara ɗaure na gaba tukuna, wasu kuma a bar giɓi daidai gaba da baya. Littafin babur shi ne alƙali. Ga noti mai kaurin milimita 8, ƙarfin ɗauri yakan kama daga nuton-mita 20 zuwa 25, wato kamar a rataya kilo 10 zuwa 12 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. Sifana mai awo ita ta fi, domin wuce kima yana cinye zare, gazawa kuma tana barin kai ya juya a hannu.

Bayan an ɗaure, gwaji uku sun wajaba. Na ɗaya, a murɗa kai har ƙarshe dama da hagu, inji a kashe, a duba ko wata waya ta ɗame ko wani abu ya taɓa tanki. Na biyu, a tayar da inji ba a giya ba, a sake murɗawa ana saurare: idan ƙarar inji ta ƙaru ko kaɗan, aikin bai yi ba, kada a hau. A murza totur a saki a kowane gefe, a ga ya koma da kansa nan take. Na uku, a ɗage gaban babur har taya ta bar ƙasa, a tabbata tiyon birki yana da rara. Daga nan a gyara kusurwar hannun birki da na kuloci da madubai, a ga kwalbar man birki tana zaune daidai, a yi gajeriyar tafiya a hankali, a dawo a sake taɓa notina.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Mahayin da ya miƙe ya mayar da wani ɓangare na nauyinsa baya, tayar gaba ta ɗan yi sauƙi. Tayar da ba a danne ba ba ta kama ƙasa sosai, musamman idan an goya mutum ko an ɗaure buhu a baya. Ƙirjinsa kuma ya fi tarar iska, turjiyar iska kuwa tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku sau biyu. Wanda ya zarce har hannuwansa suka wuce kafaɗa, ƙarfin sarrafa kai ya ragu, jini kuma ba ya isa yatsu yadda ya kamata. Shi ya sa wasu jihohin Amurka suka kafa dokar iyakance tudun kan babur. Haka nan yanke kan a yi masa walda, ko gasa shi da wuta a lanƙwasa, yana raunana ƙarfen a inda ba a gani, garin gyaran gira a rasa ido.

Malami na iya nuna wa ɗalibai duk wannan ba tare da babur ba. A kafa ƙusoshi biyu a katako, ɗaya ta fito da santimita 2, ɗaya da 6, a tura kawunansu da ƙarfi ɗaya a ga wadda za ta fara lanƙwasa. A kawo keke kuma, a taƙaita wayar birkinsa ta baya, a murɗa kai, ɗalibai su ga birki na kamawa ba wanda ya taɓa shi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ne ke rasuwa a hatsarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Mahayin da bayansa ba ya ciwo ya fi natsuwa a hanya, saboda haka ɗaga kai gyara ne mai amfani. Sharaɗinsa dai shi ne a fara da ɗan ƙari kaɗan, a sa noti mai lamba, kuma kada babur ya bar gaban bakanike sai an murɗa kansa dama da hagu an ji ƙarar inji ba ta sauya ba.