Naira, Sefa da Riyal: Lissafin da Matafiyi Zai Yi Kafin Ya Bar Sakkwato

Mutumin Sakkwato ba sai ya hau jirgi ba kafin ya tsinci kansa a ƙasar waje. Ya bi ta Kware da Gwadabawa, tafiyar kimanin kilomita 85, ya isa Illela, yana ƙetara iyaka sai Birnin Ƙonni. Hausar nan ce ake yi, amma kuɗin da ke aljihunsa sun zama baƙi. A kasuwar Ƙonni ana karɓar naira saboda cinikin garuruwan biyu a sarƙe yake, sai dai da zarar ya nausa Tawa ko Dosso ko Yamai, sefa kawai za a nema a hannunsa. Ɗaya ƙofar fitar ita ce filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, inda maniyyata ke tashi zuwa Saudiyya, ƙasar riyal.

Waɗannan kuɗaɗe biyu, sefa da riyal, sun yi tarayya a abu guda da yawancin matafiya ba su sani ba, kuma sanin sa shi ne rabin kariya daga cuta: dukansu a ɗaure suke. Tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ƙari ba ragi. Riyal kuma tun 1986 yake ɗaure da dalar Amurka, dala ɗaya riyal 3.75. Naira ce ke yawo, musamman tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Nijeriya ya sake ta kasuwa ta yanke mata farashi. Kafin lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Don haka idan aka ce maka sefa ta tashi a Illela, galibi ba wani abu ne ya faru a Nijar ba. Naira ce ta faɗi, ko yuro ya yi ƙarfi a kasuwar duniya, sefa ta bi ubangidanta.

Daga nan lissafi ke fitowa. 'Yan canjin iyaka suna faɗin farashi a kan jika, wato sefa 1,000. Jika ɗaya yuro ɗaya da rabi ce da 'yar ɗoriya. A ƙaddara yau yuro yana naira 1,700, to jika za ta kama wajen naira 2,590. Wanda ya duba farashin yuro a wayarsa kafin ya bar gida ya riga ya san inda ciniki ya kamata ya tsaya. In an gaya masa abin da ya yi kusa da haka, ya saya. In an yi masa nisa, ya matsa teburi na gaba.

Ba dole farashin iyaka ya yi daidai da wannan lissafi ba, domin ita ma iyakar tana da nata hawa da sauka. Dilolin dabbobi da masu sarin wake da dabino daga Nijar suna neman sefa. 'Yan Nijar masu zuwa sayen masara, gero da kayan masarufi suna neman naira. Wanda ya fi matsuwa shi ke biyan tsada. Siyasa ma tana taɓa shi. An rufe iyakokin Nijeriya a watan Agustan 2019, Illela tana cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da kaya suka daina wucewa, kuɗin da ke zagayawa tsakanin teburan 'yan canji kan ragu, tazarar saye da sayarwa ta faɗaɗa.

Wannan tazara ita ce abincin ɗan canji, kuma halal ɗinsa ce. Kullum yana da farashi biyu: wanda yake saya daga gare ka, da wanda yake sayar maka. A ce yana sayen jika 2,550 yana sayarwa 2,620. Ka sayi jika 200, ka biya naira 524,000. Tafiya ta fasu, ka dawo masa da su nan take, naira 510,000 zai ba ka. Naira 14,000 ta tafi ba tare da kowa ya zalunce ka ba. Abin lura shi ne duk juyi ɗaya yana da irin wannan kuɗin shiga. Mai zuwa Yamai da ya sayi dala a Sakkwato don ya canza ta sefa a can ya biya sau biyu a kan abin da zai iya yi sau ɗaya a Illela. Haka wanda ya canza fiye da buƙatarsa, ya dawo da ragowa, zai sake biya a hanyar dawowa.

Akwai kuma ƙirgen Nijar, wanda ya kunyata baƙi da yawa. A can ana lissafi da dala, amma ba ta Amurka ba, dalarsu sefa 5 ce. Mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Ɗari a bakinsu sefa 500 ce, jika kuwa 1,000, alhali a gida mun saba jaka naira 200 ce. Kada ka ji nauyin cewa a nuna maka takardar da ake nufi. Ka kuma roƙi ɗan canji ya haɗa maka da ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000, don mai kabu-kabu ba zai iya fasa maka 10,000 ba. Sefar Nijar tana aiki a ƙasashe takwas masu babban banki ɗaya, BCEAO da ke Dakar, ciki har da Benin, Togo, Mali da Burkina Faso. Ta Kamaru da Chadi darajarsu ɗaya da ita, amma takardunta daban ne, bankinta daban, kuma ba lalle a karɓe ta a kasuwar Ƙonni ba.

Manyan 'yan kasuwa sun rage ɗaukar kuɗi a jiki. Mutum zai tura wa ɗan canjinsa naira ta asusu, abokin hulɗar ɗan canjin ya miƙa masa sefa a Ƙonni, ko a tura masa ta kamfanoni irin su Nita da Amana ya karɓa a garin da ya sauka. Yanayin tsaron hanya ya sa wannan ya fi kwanciyar hankali, amma gaba ɗayansa a kan amana ya ginu, bai kamata a fara shi da wanda ba a sani ba. A nan shari'a ta riga ta yi wa matafiyi gata. Canjin kuɗi iri biyu ya halatta a kan farashin da aka yarda, da sharaɗin a yi hannu da hannu, kada a rabu da bashi a tsakani, kuma malamai da dama na wannan zamani suna ɗaukar shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa. Mafi yawan rigimar canji daga "je ka dawo gobe" take farawa.

Sha'anin alhazai ya fi taɓa mini zuciya, domin da yawansu dattawa ne da suka sayar da amfanin gona ko shanu, ba su taɓa riƙe dala ba. Guzurin da aka ƙayyade wa kowane maniyyaci a 2024 dala 500 ne, wato riyal 1,875 a farashin da aka ɗaure. Kowace takardar dala 100 riyal 375 ce. Shagon canji mai lasisi a Makka ko Madina zai rage 'yan riyal kaɗan ladansa. Wanda ya ce zai ba da 300 ba canji yake yi ba. Mugun tarkon shi ne takardun dala duk girmansu ɗaya, ta 1 da ta 100. Wani zai zo da fuskar taimako, ya karɓa ya duba, ya mayar da takardar dala ɗaya. Ta ɗari tana da lamba 100 da hoton Benjamin Franklin, sabuwar da ta fito a 2013 kuma tana da shuɗin zare a tsaye. Gara alhaji ya canza takarda ɗaya, ya kashe, sannan ya fito da wata, ba asarar komai tunda farashin ba ya motsi.

Masu katin banki su tambayi bankinsu ko katin yana aiki a waje da kuma iyakar abin da za su iya kashewa, don dokar tana yawan sauyawa. Idan na'ura ta ba da zaɓin kuɗin da za a yi lissafi da su, a zaɓi na ƙasar da ake ciki. Wanda kuma zai fita da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan.

Ina roƙon hukumar jin daɗin alhazai ta jiha da malaman bita su ware zama guda a kowace ƙaramar hukuma, a ɗora wa kowane maniyyaci takardar dala 100 da ta dala 1 a tafin hannu, ya juya su ya bambance, a kuma maimaita masa lambar 375 har ta zauna. 'Ya'yan da ke rako iyayensu sansanin alhazai su ma su yi musu wannan bitar kafin a kira jirgi.