Idon maharbi: aikin da na yi ina kwance a wani daji a Ingila

Bara na je Ingila wani gajeren kwas na malamai, sai ɗan yayana da ke zaune a can ya ja ni wani daji ranar Asabar. Ya ce, "Kawu, yau kai ne idona." Wasan eyasof za su yi. Shi ne maharbin nesa na ƙungiyarsu, ni kuma mai hange, wato wanda ke kwance kusa da maharbi yana nemo masa abokan hamayya.

A Japan aka fara wasan nan cikin shekarun 1970. Bindigogin suna harba 'yan ƙwayoyin roba masu faɗin milimita 6, kuma ƙwayar ba ta barin fenti a jiki. Duk wanda aka sama shi zai ɗaga hannu ya faɗa da bakinsa, ya fita. Bindigar yarona VSR-10 ce ta kamfanin Tokyo Marui, irin wadda ake ɗana wa da hannu kafin kowane harbi. Dokar Ingila ta 2017 ta ƙayyade ƙarfin irinta kada ya wuce jul 2.5, mai ɓarin wuta kuma jul 1.3. Saboda ƙarfin nan, a filin da muka je an hana maharbi harbin wanda bai kai nisan mita 30 ba. To, nan aikin mai hange ya fara: duk wanda ya matso kusa, nawa ne.

Kayan da aka ɗora mini ba su da yawa. Na farko tabarau na kariya, wanda ba a cirewa a cikin fili ko da gumi ya rufe shi. Sai madubin hangen nesa mai ninki 8, don wanda ya fi haka rawa yake yi a hannu, kuma yana ƙuntata abin da kake gani. Sai 'yar na'urar awon nisa irin ta 'yan wasan golf, da oba-oba mai abin saƙalawa a kunne don kada ƙara ta tona mu, da gajeriyar bindiga mai batir, da gorar ruwa. A kafaɗa da kai na yafa rigar gili mai zare-zare, wadda asalinta ta masu gadin dajin farauta ce a Sikotilan. Muka tsinko ganyen wurin muka soka mata, don ganyen wani wuri daban shi ke fallasa mutum.

Dabara ta farko ita ce magana a taƙaice. Ana faɗin wuri da lissafin agogo: gabanka ƙarfe 12, damanka ƙarfe 3. Sai in raɗa masa, "Ƙarfe 2, mita 60, gindin itacen da ya faɗi." Ba a nuni da hannu, don motsi ido ke fara kamawa.

Ta biyu bin ƙwaya da ido. A cikin bindigar akwai wata 'yar roba da ke taɓa saman ƙwayar ta sa ta juyawa baya, shi ke sa ta daɗe a iska ba ta faɗi ba. Maharba suna amfani da ƙwaya mai nauyi, kamar giram 0.40 maimakon 0.20 na gama-gari, don iska ba ta cika kwasarta ba. Duk da haka takan ɗauki kusan sakan ɗaya kafin ta kai mita 70, kuma ana ganinta fara tana tafiya. Ni zan ce, "Ta bi hagu da taki ɗaya," shi kuma ya gyara. Bayan harbi 2 ko 3 mu ja ciki mu bar wurin.

Ta uku ita ce wadda na faɗi a kanta. Mai hange yakan kwanta ɗan baya da maharbi, ya riƙa sauke madubi yana duba gefe da baya. Ni kuwa daɗin kallo ya kwashe ni, na manne da madubi na fi minti 5. Wani saurayi ya zagayo ta bayanmu, ya ɗana mini a baya, ya ɗana wa yarona. Ba alƙali a kusa, ba shaida. Wallahi sai da zuciya ta ce in yi shiru. Yarona ya riga ni ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, kunya ta ishe ni.

A hanyar komawa wata magana ta tsaya mini a rai. Kowace Sallah yaranmu a zango suna sayen bindigogin roba masu irin wannan ƙwaya, suna harbin juna a lungu ido a buɗe. Can manya masu gemu ba sa taka fili sai da tabarau, kuma bindiga tana cikin jaka har a isa. Da na dawo na kai tabarauna aji, na ajiye ƙwaya ɗaya a tafin hannun kowane ɗalibi, na ce ya gwada girmanta da ƙwayar idonsa. Iyaye, in za ku saya wa yaro bindigar Sallah bana, ku fara tambayar kuɗin tabarau. In babu shi, a bar bindigar a shago.