"Baba, Ƙarfe Nawa?": Yadda Ɓarayin Titi Ke Shigo Mana Ta Ƙofar Magana

Wata ranar Laraba bayan sallar magariba, ina tsaye a bakin titi kusa da Ƙofar Ɗan'agundi a Kano ina jiran adaidaita sahu, da yake motata tana wajen bakanike, sai wani matashi da ba zai haura shekara ashirin ba ya matso. Ya ɗan russuna, ya yi mini sallama, sannan ya ce, "Baba, don Allah ƙarfe nawa?" Ban kawo komai a raina ba, na sa hannu a aljihu na zaro waya domin in duba masa. Kafin in ɗago kai na ji tsinin ƙarfe a haƙarƙarina, na kuma ga wani ya tsaya a hagu da ni. Mai sallamar bai ɗaga murya ba, bai ma daina ce mini Baba ba. Cewa ya yi in kawo kawai. Na miƙa, suka tsallaka titi suka shige lungu, ko sauri ba sa yi.

Shekara goma sha biyar ke nan ina koyar da ilimin harshe a jami'a, kuma kowace shekara sai na gaya wa ɗalibai cewa ba kowace tambaya ce ake yi domin neman amsa ba. Baƙon da ya ce "ko akwai ruwa a gidan nan?" ba labarin randa yake nema ba, roƙon ruwa yake yi. A daren nan sai ga malam ya faɗi jarrabawar da shi kansa yake shirya wa yara. Yaron ba lokaci yake son sani ba. So yake ya ga aljihun da wayar take, ya ga irinta, ya kuma shagaltar da hannuna da idona a lokaci guda. Duk ya samu da jimla ɗaya, kuma ladabina ne ya biya masa buƙata.

Bahaushe bai taɓa zuba ɓarayi a kwando ɗaya ba. Sata a ɓoye ake yin ta. Sane sai a cunkoso, inda ɗan sane zai raba ka da abin aljihunka ba ka sani ba sai ka zo biyan kuɗin cefane. Wafce da fizge na mai zafin nama ne, ƙwace na mai ƙarfi, fashi na mai makami, damfara kuwa ta mai zaƙin baki. Kowace kalma a nan tana ɗauke da irin tsaron da ya dace da ita. Lalitar da iyayenmu ke ɗaurawa a ƙugu idan za su shiga Kurmi ko Kantin Kwari, da ƙullin haɓar zanen iyayenmu mata, duk maganin ɗan sane ne, domin shi babban abin da yake tsoro shi ne a gan shi. Abin da ke addabar mu yau ya haɗa damfara da fashi: da baki ake farawa, da wuƙa ake ƙarewa, kuma a gaban jama'a.

Idan mai karatu bai manta ba, kafin shigowar wayar salula a 2001 da wuya ka ga mutum yana tafe a titi riƙe da abin da ya kai albashinsa na wata uku a tafin hannu. Yau haka muke yi, har da toshe kunnuwa biyu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sannan yanayin zirga-zirgar ya sauya. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, jama'a suka koma kan babur mai ƙafa uku. Abin takaici, sunan da muke kiran sa da shi daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ya samo asali, kuma asalin maganar kiran liman ne a gyara sahun salla. Akasarin direbobinsa masu neman halaliyarsu ne, amma kujerar bayansa ta mutum uku ta dace da aikin ɓata-gari: biyu su sa ka a tsakiya, na ukunsu yana tuƙi. A Yulin 2022 sai da gwamnatin jihar ta hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro.

A Mayun 2023 majalisar tsaro ta jihar ta bayyana cewa za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Wasu sun yi wa sanarwar dariya, suna cewa sauya suna ba ya kama ɓarawo. Gaskiya ne, amma ni a ganina an yi daidai. "Ƙwace" kalma ce mara nauyi, ita muke faɗa idan yaro ya karɓe wa ƙanensa ƙosai. Muddin da ita muke kiran abin da ke sa a yi jana'izar magidanci saboda waya, to zuciyarmu ma haka za ta auna shi, har wani ya ga zai iya kokawa da su.

Waɗanda aiki ke kai su Abuja sun san wani nau'in, wato "wan cans". Sunan ya fito ne daga kiran kwandasta da Turancin tasha, ma'ana saura mutum ɗaya mota ta tashi. A nan ma magana ce ƙugiya, gaggawa kuma ita ce tana. Ka ga mota ta kusa cika, ka ji daɗin ba za ka jira ba, alhali duk na cikin abokan aiki ne, kai kaɗai ne fasinja. Shiga tasha yana cin lokaci da ƙarin kuɗi, amma motar da ta ci layi a tasha akwai wanda ya san direbanta.

Asarar gaske ba a bakin titi na yi ta ba. Sai washegari na samu aka rufe layin, lokacin an riga an yashe asusuna, domin wanda ke riƙe da layinka yana iya neman lambar BVN ɗinka, kuma saƙon tabbatarwa na banki hannunsa yake zuwa. Da na kulle katin layin da lambar sirri, aikin da bai kai minti biyu ba, da sun cire shi sun sa a wata wayar sai ya ƙi buɗewa. Da na rubuta lambar rufe asusu a takarda na ajiye a gida, da na ari wayar maƙwabci a daren. Ko lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ake gani idan an danna *#06#, ban da ita da 'yan sanda suka tambaya. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne hirarrakin da na naɗa da wasu dattawa a ƙasar Katagum kan Guddiranci, waɗanda na yi ta cewa gobe zan kwafe su a kwamfuta. Ɗaya daga cikin dattawan ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa.

A ɗakin malamai wani abokina ya ce ai da na yi ihu. Ihu da wuƙa a haƙarƙari? Waya ana sayen wata. Kuma kalmar "ɓarawo" idan ta fita a cikin taro ba ta da linzami; su kansu ɓarayin sukan riga mai kaya furta ta domin su juya taron a kansa. Mu da muka yi makokin mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025, a hanyarsu ta zuwa Kano, saboda wasu sun kira su masu garkuwa da mutane, bai kamata a koya mana haɗarin hukuncin taro ba. Na so in tambayi abokin nawa ko wayar hannu da ya saya da araha, ba kwali ba rasit, ya san daga aljihun wa ta fito, sai na ga ba ranar ba ce.

Wuyar lamarin ita ce an raine mu a kan cewa amsa sallama wajibi ne, kuma ƙin kula mai tambaya girman kai ne. Ba na kira da a daina ko ɗaya. Sai dai amsa sallama da baki ake yi, ba ta buƙatar ka tsaya, ko ka ba da hannu, ko ka taɓa aljihu, musamman tsakanin magariba da isha'i lokacin da titi ke raguwa. Mai tambayar hanya a kwatanta masa daga nesa. Idan kira ya shigo, a shiga shago ko a juya wa bango baya kafin a amsa.

Na koma ɗaura agogon hannu, abin da na bari shekaru da dama. Makon jiya a bakin Kabuga wani yaro da jakar makaranta ya tambaye ni lokaci, na duba wuyan hannuna na gaya masa ina tafiya, ban ko rage sauri ba. Ya ce, "Na gode, Baba," ya juya ya nufi masallaci da sauri. Sai da na yi nisa na waiwaya, na hango shi ya tsuguna yana alwala.