BASIC: Harshen Kwamfuta Da Ya Fara Da Lambobin Layi

Duk ɗalibin da ya zauna ajin darasin kwamfuta a makarantar sakandare, a Ƙaraye ne ko a Rogo, da wuya bai ga malami ya rubuta layuka a allo masu farawa da 10, 20, 30 ba. Wannan shi ne BASIC, harshen da manhajar darasin ta daɗe tana koyarwa. Sau da yawa ɗalibi kan tambaya: mene ne amfanin wahala a kan harshen da ya girme wa iyayenmu? Amsar tana cikin tarihinsa.

An ƙago BASIC a shekarar 1964 a Kwalejin Dartmouth da ke Amurka. Malaman lissafi biyu ne suka yi aikin, John Kemeny da Thomas Kurtz, tare da ɗalibansu. A lokacin kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki, kuma sai ƙwararru ke iya ba ta umarni. Burin malaman shi ne ɗalibin tarihi ko na adabi ma ya zauna gaban na'ura ya sa ta aiki. Saboda haka suka zaɓi 'yan kalmomi kaɗan masu sauƙin riƙewa, kamar LET da PRINT da IF.

Bari mu ga misali daga gida. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa yakan fitar da zakkar kashi ɗaya cikin goma idan amfanin ya kai nisabi. Wanda kuwa ya jawo ruwa da inji, kamar masu noman rani a gefen madatsar Challawa, ɗaya cikin ashirin ne a kansa. Ga yadda za a faɗa wa na'ura haka a tsohon salo:

10 INPUT B, R
20 IF R = 1 THEN 50
30 LET Z = B / 20
40 GOTO 60
50 LET Z = B / 10
60 PRINT Z
70 END

B shi ne yawan buhuna, R kuma yana zama 1 idan noman damina ne. Ana ba layukan lamba goma-goma domin in an manta wani umarni a samu wurin cusa shi, a ce a layi na 25. Kalmar GOTO kuwa cewa take yi na'ura ta tsallaka zuwa wani layi.

A 1975 harshen ya sami sabon gida. Bill Gates da Paul Allen suka rubuta BASIC domin ƙaramar kwamfutar Altair 8800, suka matse shi cikin ma'ajiyar da ba ta ɗaukar fiye da harafi kusan 4,000. Da wannan aiki kamfanin Microsoft ya fara. Daga nan ƙananan kwamfutoci irin su Apple II da Commodore 64 suka riƙa zuwa da BASIC a cikinsu, mutum na kunnawa sai ya fara rubutu.

Sai dai harshen yana da aibi. In shiri ya kai layi dubu, yawan tsalle-tsallen GOTO kan mayar da shi kamar zaren da ya cukurkuɗe, har wanda ya rubuta shi ya kasa gano bakinsa. Tun 1968 masanin ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi gargaɗi a kan wannan kalma. Gyara ya zo da QuickBASIC a 1985, sannan QBasic a 1991. Lambobin layi suka daina zama dole. Aka samu damar rubuta suna cikakke, a ce Buhuna maimakon B, kuma IF da ELSE suka ɗauke aikin da tsalle ke yi.

A 1991 ɗin dai Visual Basic ya fito, inda mai shiri ke zana taga da maɓallai da hannunsa, sa'annan ya rubuta abin da kowane maɓalli zai yi. Wani reshensa ya shiga Excel a 1993, kuma har yau ma'aikatan ofis na amfani da shi wajen lissafi. A 2002 aka sake masa gini da sunan Visual Basic .NET. A 2020 Microsoft ya bayyana cewa zai ci gaba da kula da shi, amma ba ya da niyyar ƙara faɗaɗa harshen. Yanzu Python da ire-irensa ne suka gaji matsayinsa wajen masu koyo.

To, ko ɗalibinmu ya yi asara ke nan? A'a. A sake duba layuka bakwai na sama. Akwai wurin ajiye adadi, akwai sharaɗi, akwai jerin umarni bi da bi. In aka ƙara maimaitawa, wadda BASIC ke yi da FOR da NEXT, an haɗa ginshiƙan da Python ma ke tsaye a kansu. Wanda ya iya bin shirin zakka da fensir, yana rubuta abin da Z ya zama a kowane mataki, ya riga ya koyi tunanin, ko da makarantarsu ba ta da wutar lantarki.

Abin da ya rage ga malamai shi ne su gaya wa ɗalibai gaskiya, cewa salon lambobin layi tsoho ne. Bayan an gama misali a allo, a sa su sake rubuta shi da IF da ELSE ba tare da GOTO ba. A darasi ɗaya za su bi tafiyar da ta ɗauki harshen shekara ashirin.